Katakon dandamalin bayan gida ya lanƙwashe cikin wata huɗu: laifin wa, kuma yaya za a gyara?

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Asokore Mampong nan Kumasi. A watan Satumba na sa kafinta ya yi mini dandamalin katako a bayan gida, wurin shan iska da zaman baƙi, saboda bikin 'yata yana tafe. Mun saye katakon a kasuwa, washegari aka fara aiki, kwana biyar aka gama. Ya yi kyau ƙwarai. Yanzu muna cikin Janairu, katakon ya canja kama. Wasu gefensu ya ɗago sun yi kwarmi a tsakiya, wasu sun murɗe har ƙusa ta fito, tsakanin wasu kuma ya buɗe har yatsa yana shiga. Faɗin kowanne inci 12 ne, kaurinsa inci 1. Dandamalin bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, kuma mun zagaye gefensa da bulo don kada kaji su shiga. Kafintan ya cuce ni ne, ko mai katakon? In ɓamɓare duka in sake?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri a auren, ya ba su zaman lafiya.

Abu biyu kake son sani, wanda ya yi laifi da kuma ko aikin ya mutu. Zan fara da na biyun saboda shi ya fi gaggawa. Kada ka ɓamɓare kome a wannan watan. Yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton fiye da rabin katakon nan zai ci gaba da yi maka aiki. In ka cire shi yau ka je kasuwa ka sayo sabo ka buga, abin da ya faru shi zai sake faruwa, ka yi asara sau biyu.

Na koyi aikin kafinta ne a unguwar Anloga nan Kumasi, tun kafin aikin titin Oforikrom zuwa Asokwa ya sa aka tashi kafintoci da masu sayar da katako aka mayar da su Sokoban. Tun daga wancan lokaci har yau, duk shekara in hunturu ya shigo sai an kawo mini irin kukan nan: ƙofa ta ƙi rufuwa, tebur ya tsage, benci ya gantsare. Kusan dukkansu ciwo ɗaya ne, an yi aiki da katako kafin ruwansa ya fita.

Abin da ke faruwa a cikin katakon

Itace ɗanye cike yake da ruwa iri biyu. Akwai wanda ke kwance a ƙananan ramukan jikinsa kamar ruwa a soso, akwai kuma wanda naman itacen kansa ya sha. Na farkon shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta taɓa girman katakon, nauyinsa kawai take ragewa. Sai laimar ta sauka zuwa wajen kashi 28 ko 30 cikin 100 sannan ruwa na biyun ya fara fita, a nan ne katako ke fara tsukewa. Wannan ne ya sa mutum zai taɓa katako a kasuwa ya ji bayansa a bushe, mai sayarwa ya rantse masa ya bushe, alhali tsukewar ko farawa ba ta yi ba.

Katako kuma ba ya bushewa ya tsaya cak. Iskar wurin yake bi har ƙarshen rayuwarsa. In laimar iska ta kai kashi 80, katakon da ke inuwa zai daidaita a wajen kashi 16. In ta sauka zuwa kashi 50, zai gangaro wajen kashi 9. To dubi lokacin da aka yi maka aikin. Satumba a Kumasi shi ne shigowar damina ta biyu, wadda ke kaiwa har Nuwamba, iska a jiƙe take. Katakonka ya zauna lafiya wata biyu ko uku yana riƙe da ruwansa, shi ya sa ya yi kyau ranar biki. Da iskar hunturu ta kaɗo a Disamba, ga rana tana dukansa daga sama, sai ya zubar cikin 'yan makonni da ruwan da ya kamata ya zubar a hankali cikin watanni.

Da yake tsukewar daidai take ta kowane ɓangare, da katakon zai ƙanƙance kawai bai lanƙwashe ba. Amma ba haka Allah ya halicci itace ba. Ta tsawo kusan ba ya tsukewa. Ta faɗi kuwa ya danganta da yadda zarto ya bi gungumen. In ka dubi kan gungume za ka ga zobe-zobe suna zagaye cibiya. Tsukewar da ke bin zagayen zoben takan kai kusan ninki biyu na wadda ke tafiya daga cibiya zuwa ɓawo. Yawancin katakon kasuwa a kwance ake yanka shi, falle bayan falle, don haka fuskar da ke kallon ɓawo ta fi wadda ke kallon cibiya tsukewa. Fuska ɗaya ta ja, ɗayar ta ƙi, sai katakon ya yi kwarmi kamar ƙaramin kwalekwale.

Bari mu yi lissafi da naka. Inci 12 santimita 30 ke nan. A ce irin itacen da ke tsukewa kashi 8 cikin 100 ne daga ɗanye zuwa bushewa ƙarau, kuma laimarsa ta sauka daga 28 zuwa 12. Zai rage faɗin wajen santimita ɗaya da rabi saura kaɗan. Ga yatsan da ka ce yana shiga nan. Da faɗin katakon inci 4 ne, abin da zai rage bai kai rabin santimita ba, kuma kwarmin da zai yi ido ba zai ma kama shi sosai ba.

Bulon da kuka zagaye da shi

A duk bayaninka wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Dandamali taƙi ɗaya daga ƙasa, an toshe gefe huɗu, to an yi wa ƙarƙashinsa tukunya an rufe. Ƙasar Kumasi tana riƙe ruwa, kuma duk ruwan saman da ya zuba ta tsakanin katakon tun Satumba yana nan a ciki, babu iskar da za ta kwashe shi. Saman katako yana gasuwa, cikinsa yana shan tururi. Ko katakon da aka busar a tanderu aka shimfiɗa a haka, gefensa sai ya ɗago, domin fuskar sama ta tsuke ta ƙasa ta kumbura.

Ga gwajin da nake so ka yi da sassafe. Ka sa a ɗaga falle ɗaya daga tsakiya, ka zura hannu ka taɓa cikin na kusa da shi, ka shafa ƙasar kuma. In ka ji sanyi da danshi, ko hancinka ya kama warin ruma, ko ka ga farar hunhuna a jikin katakon da ke ɗauke da shimfiɗar, to ka gano rabin ciwon. Ka duba gara tun da ka buɗe. Wuri mai duhu da laima da itace kusa da ƙasa, gidanta ke nan, kuma ita ce za ta iya kashe aikin gaba ɗaya, lanƙwashewa ba za ta iya ba.

Wane itace aka ba ka?

Ba ka faɗi sunan itacen ba, kuma amsar tana canjawa da shi. In itacen wawa ne ko onyina, wato rimi, ko ofram, gaskiya ba itacen waje ba ne. Wawa yana da sauƙin aiki da arha, yana bushewa da sauri, ba ya ma cika murɗewa, amma ruwa da ƙwari suna cinye shi cikin ɗan lokaci. In shi aka shimfiɗa maka, gyaran da zan faɗa zai ɗan ja masa kwana ne kawai, ka fara tanadin canji.

In dahoma ne, za ka tuna da wani wari mai hawa hanci lokacin da ake yanka shi. Yana da ƙarfi, yana ɗan jure waje, amma jijiyarsa a sarƙe take, wannan layi ya bi dama wancan ya bi hagu, kuma in ya bushe da gaggawa yakan murɗe. Denya da kaku sun fi shi nauyi da juriya, gara ba ta cika kusantar su ba, sai dai suna jinkirin bushewa ƙwarai, kuma kaku yana cikin masu tsukewa da yawa, yakan kai kashi 11 ta faɗi. Kusia ma itacen waje ne mai kyau, amma fuskarsa takan tsattsage a rana. Wanda ya fi kowa zama lafiya shi ne odum, tsukewarsa kaɗan ce kuma ta ɓangarorin biyu ba ta da nisa da juna, shi ya sa kakanninmu suka yi ƙofofi da tagogi da shi suna nan har yau. Ya yi wuya yanzu, ya yi tsada, kuma ana sayar wa wanda bai sani ba wani itacen da sunansa.

Tik ma yana zama lafiya in itacen ya manyanta. Amma yawancin tik ɗin da ke shigowa kasuwa daga gonaki yake, an sare shi yana ƙarami. Ƙaramin gungume kusan kowane falle da aka fitar daga cikinsa yana kusa da cibiya, itacen da ke kewaye da cibiya kuwa yana tsukewa har ta tsawo, shi ke sa falle ya lanƙwashe kamar baka ko ya karkace gefe kamar ƙafar gwame. Ka dubi kan fallayen da suka fi lalacewa. In ka ga ɗigon cibiya ko ƙananan zobe masu matsewa, dalilin ke nan.

Akwai kuma maganar yadda aka yanka. Tun 1998 doka ta hana yanka katako da injin zarto na hannu don sayarwa a Ghana, amma kowa ya san shi ya cika kasuwannin cikin gida, wanda muke kira bushkot. Ana yanka shi a daji, a loda a mota, ya iso rumfa ruwa na ɗiga. Kaurinsa ba ya daidaita, wannan kai inci ɗaya da kwata, wancan bai cika inci ba, kuma falle mai kauri biyu ba ya bushewa daidai. Masu sayarwa ba su da filin da za su ajiye kaya wata uku, kuɗinsu ba zai jure kwanciya ba. Don haka a wurina, duk katakon da aka saya a rumfa ɗanye ne har sai na tabbatar da akasin haka da kaina.

Maigidan da ya koya mini aiki yakan ɗauki falle ya kara shi a kumatunsa. In ya ji sanyi sai ya ajiye. Sannan ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, busasshe yana amsawa da ƙara mai tsabta, ɗanye kuwa sai ka ji dum. Dabarar tana aiki, amma ba ta kai mitar auna laima ba, ƙaramar na'ura mai allura biyu da ake cakawa a jikin katako. In babu mita, sai a yanki guntu daga tsakiyar falle, a auna nauyinsa a sikelin kicin duk mako a rubuta. Ranar da nauyin ya daina sauka mako biyu a jere, katakon ya daidaita da iskar wurin.

Abin da za ka yi, da lokacin yin sa

Wannan makon, ka sa a fasa bulon nan. Ko ba duka ba, a buɗe manyan kafofi a gefe biyu masu fuskantar juna don iska ta shiga ta fita, a rufe su da ragar waya saboda kaji da macizai. In ruwan rufin ɗaki yana zuba kusa, a karkatar da shi. In hannu zai kai, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasan a zuba tsakuwa a kai. Duk ƙusar da ta fito a cire ta saboda ƙafar yara. Kada ka yarda da mai ce maka a riƙa kwara wa katakon ruwa don ya miƙe. Zai miƙe na kwana biyu, ya dawo ya fi da, har da tsagewa.

Daga nan ka bar shi ya ga ƙarshen hunturu da farkon ruwan Maris zuwa Afrilu. Yanzu katakon yana kan mafi munin kamarsa a shekara. In laima ta dawo cikin iska kuma ƙarƙashin ya sami numfashi, za ka ga wasu masu kwarmin sun kwanta da kansu, tazarar ma ta ɗan rufe. A lokacin ne za a san mai gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa, a ware su.

Masu kwarmi su ne masu sauƙi. Shawarata a cire su, a tsaga kowane falle mai inci 12 gida uku a inji, a goge. Kwarmin da ya yi zurfi a faɗin inci 12 kusan ɓacewa yake in an raba shi, kuma siririn falle ba shi da ƙarfin da zai sake ɗaga ƙusa. In akwai injin da zai yi, a ja siraran layuka biyu marasa zurfi a fuskar ƙasa ta kowanne ta tsawo, yana rage masa ƙarfin naɗewa. Wanda ya lanƙwashe kamar baka, ɗaurewa kawai yake so, zai kwanta. Wanda ya karkace gefe kaɗan ana iya jawo shi da igiyar ɗaure kaya mai matsewa, ko a buga guntun katako mai bakin gatari a gefensa har ya shiga layi, sannan a ɗaure. Amma wanda ya murɗe kamar igiya, kusurwa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ban taɓa ganin ya dawo ba, domin murɗin a jijiyar itacen yake tun yana tsaye a daji. Kada a ɓata ƙarfi a kansa. A yanyanka shi gajeru, ya yi matakala ko ƙaramin benci.

Tun da an buɗe, a duba katakon ƙarƙashi. A ja zare daga wannan kai zuwa wancan, duk wanda ya ɗago ko ya lotsa a gyara shi, don shimfiɗa ba ta miƙewa a kan abin da ya karkace. In falle inci ɗaya ne, tazarar tubaifo ko tubaisis ɗin da ke ɗauke da shi, wato katakon ƙarƙashi mai inci 2 da 4 ko 2 da 6, kada ta wuce inci 16, wato santimita 40. Na sha ganin an yi ƙafa biyu ko fiye don a rage kuɗi, katako kuwa a inda ba a riƙe shi ba yake motsi. A ba dandamalin ɗan gangare, kamar santimita ɗaya a kowace mita, ya kauce wa bangon gida.

Wurin mayarwa a bar ƙusa a koma sukuru. Ƙusa santsi gare ta, katako yana kumbura yana tsukewa yana zare ta kaɗan kaɗan. Sukuru biyu a kan kowane katakon ƙarƙashi, kowanne kamar santimita 2 daga gefe, tsawonsa ninki biyu da rabi na kaurin fallen. A fara hudawa da inji kafin a ɗaure, musamman a bakin falle, in ba haka ba denya ko kaku zai tsage ko ya karya sukurun. A nemi wanda ba ya tsatsa, don baƙin ƙarfe yana barin baƙin tabo a jikin dahoma da ire-irensa in ruwa ya taɓa. Tsakanin falle da falle a bar milimita 5 ko 6, kaurin babbar ƙusa ya isa ma'auni.

Kafin a shimfiɗa, a shafa mai a kowace fuska, sama da ƙasa da gefe, a fi ba kawunan ƙarfi domin ta nan ruwa ya fi shiga da fita. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama bugawa sannan a shafe sama kaɗai, cikin ya zauna tsirara, an ƙara wa bambancin nan ƙarfi ke nan. Ni man da ke nutsewa cikin itace na fi so a waje, a sake shi duk shekara kafin damina. Banish, man nan da ake shafa wa kayan ɗaki, yana sheƙi wata uku, rana ta fasa shi, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya maƙale. Baƙin man mota da wasu ke shafawa saboda gara, ban yarda da shi a wurin da jikokinka za su yi rarrafe ba. Katakon ƙarƙashi a shafa masa maganin itace irin su Solignum, kuma kada ya taɓa ƙasa, a ɗora shi kan siminti da ɗan abin da zai raba su.

Fallayen da za a sayo don cike gurbi, a saye su tun yanzu. A jera su a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaga daga ƙasa kamar ƙafa ɗaya da rabi, a sa siraran sanduna busassu tsakanin kowane layi duk ƙafa biyu, sandar sama a saitin ta ƙasa. A shafa fenti a kawunan, a danne saman da bulo, a rufe da kwano. A aikina, falle mai inci ɗaya na itace mai nauyi ina ba shi wata biyu zuwa uku a haka, denya da kaku fiye. In akwai hali, wasu manyan masana'antun katako a Kumasi suna da tanderun busarwa. Amma ka gaya musu na waje ne, don wanda aka busar sosai saboda kayan ɗaki zai kumbura in damina ta same shi. Na waje a garin nan laimar wajen kashi 14 zuwa 16 nake nema.

Maganar laifi

Shekarun baya na karɓi irin aikinka a wani gida, ana saura mako guda suna. Na san katakon ɗanye ne, na ji sanyinsa a hannuna, amma na yi shiru saboda kada aikin ya kuɓuce mini. A Fabrairu aka kira ni. Uwargidan ta nuna mini inda ƙusa ta yanki tafin ƙafar yaronta. Na sake aikin ban karɓi kuɗin hannu ba, kuma tun ranar duk wanda ya kawo mini ɗanyen katako da gaggawa sai na gaya masa abin da zai gani a hunturu kafin in ɗauki guduma.

Saboda haka ba zan wanke kafintanka ba. Sanin cewa falle mai inci 12 bai dace da waje ba, da cewa ba a toshe ƙarƙashi, da cewa katakon jiya ba a buga shi yau, duk aikinsa ne, kuma haƙƙinka ne ya faɗa maka ko ba ka tambaya ba. Amma cuta da gangan wani abu ne daban, ban ga alamarta a bayaninka ba. Da yawa cikin yaranmu a kayan ɗaki da rufin gida suka koyi aiki, ba su taɓa yin shimfiɗar da rana da ruwa za su doka kai tsaye ba. Kai ma, Alhaji, biki ya matso ka, da ya ce a jira wata biyu da wuya ka amince. Mai katakon kuwa ya sayar da abin da kowa ke sayarwa, sai fa in ya ce maka busasshe ne ko ya ba ka wani itace da sunan odum. Abin da na ga ya fi daidai, ka kira kafintan cikin mutunci, shi ya ɗauki aikin hannu na gyaran, kai ka ɗauki sukuru da mai da 'yan fallayen da za a canja.

Duk wannan daga bayaninka na gina shi, idona bai ga wurin ba. In da aka ɗaga fallen aka tarar katakon ƙarƙashi ya yi laushi har tsinin wuƙa na nutsewa, ko gara ta riga ta yi hanya a jikinsa, to maganar jira ta faɗi, a hana kowa hawa a kira wanda zai duba da idonsa. In kuma ana gardama kan ainihin itacen da aka sayar maka, cibiyar binciken gandun daji ta FORIG tana nan Fumesua, ba nisa da kai, masana itace ne a wurin. Ka yanki guntu kamar tsawon tafin hannu daga fallen da ya fi murɗewa, wanda kansa ya fito sarai, ka tafi da shi.